Da me zan gina manhajar shagon magani mai kwamfuta shida?

Auwalu
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa yin irin wannan aiki da hannunsu.

Wani Alhaji mai sayar da magani a kan sari a nan Kano ya ba ni aikin sake masa manhajar shago. Kwamfutoci shida ne: uku na masu karɓar kuɗi, ɗaya a sito, ɗaya ta akanta, ɗaya a ofishinsa. Abin da suke amfani da shi yanzu fayil ɗin Microsoft Access ne guda ɗaya mai riƙe da bayanan, yana zaune a kwamfutar akanta, an buɗe folda kowa yana shiga ta netwok. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar ciniki, sau da yawa fayil ɗin sai ya ƙi buɗuwa. Kwanan nan lissafin bashin da suke bin kwastomomi ya rikice musu, shi ya sa ya neme ni.

Na riga na yanke cewa bayanan za su koma kan saba, wato kwamfuta ɗaya da za ta riƙe su, sauran suna nema daga gare ta. Abin da ya tsaya mini shi ne fuskar da ma'aikata za su riƙa aiki da ita. A yarukan rubuta manhaja, Visual Basic 6 (VB6) na fi sabawa da shi, C# na taɓa kaɗan, PHP ma haka. Biyu daga cikin kwamfutocin Windows 7 ne masu RAM 4GB, kuma Alhaji ya ce bana ba zai canza su ba. Kowane mai karɓar kuɗi yana da firintar rasit ta USB da na'urar karanta bakod. Intanet ɗin shagon yau akwai gobe babu. Sannan yana son ya riƙa ganin cinikin rana a wayarsa in ya yi tafiya. Da me zan gina?

Sadiƙu
Wa'alaikumus salam. Yaya Auwalu, ka bar maganar VB6 ɗin nan. Ka yi da React, ka naɗe shi da Electron ya zama manhajar kwamfuta, Node a baya. Zai yi kyau a ido, kuma in ka iya shi ka samu abin neman aiki a ko'ina.

Injiniya Bashir
Sadiƙu, sake karanta tambayar. Mutum ya ce yana da Windows 7 har guda biyu. Electron ya bar Windows 7 tun daga siga ta 23, a farkon 2023, saboda Chromium ɗin da yake ɗauke da shi ya bar ta. Chrome 109 ne na ƙarshe da ke hawa. Sai dai ya maƙale a tsohuwar siga da aka daina toshe wa ɓaraka. Kuma kowace manhajar Electron burauza ce sukutum a cikinta. A kwamfuta mai 4GB da tsohon faifai, mai karɓar kuɗi ne zai sha wahalar, ga layi a gabansa.

Auwalu, shawarata C# da WinForms a kan .NET Framework 4.8. Yana hawa Windows 7 SP1, kuma yana zuwa a cikin Windows 11 da sigogin Windows 10 na baya-bayan nan. Wanda ya saba VB6 ba zai yi baƙunta ba: fom ne, ka jawo maɓalli ka ajiye, ka danna sau biyu ka rubuta abin da zai yi. Visual Studio Community kyauta ne ga mai aiki shi kaɗai. Abu ɗaya, kada ka ɗauki .NET 8 don wannan aikin, ba ya goyon bayan Windows 7.

Auwalu
Na gode Injiniya. To amma VB6 ai har yanzu yana gudu a Windows 10 da 11, na gani da idona. Da shi zan iya gamawa da wuri, Alhaji kuwa yana gaggawa. Mene ne takamaiman laifinsa?

Malam Ɗahiru
Auwalu, gaskiyarka, abin da aka riga aka gina da VB6 yana gudu, don Microsoft ta ci gaba da sa fayilolin da yake buƙata a cikin Windows. Amma ka rarrabe abu biyu. Wancan alfarma ce aka yi wa tsofaffin manhajoji. Shi kansa wurin rubuta kod ɗin ya fito ne a 1998, aka daina kula da shi a 2008. Yau ba ka da hanya mai sauƙi ta sayen halastaccen lasisinsa, 32-bit kaɗai yake fitarwa, kuma duk OCX ɗin (ƙarin ɓangaren fom) da ka sa sai ka bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya ka yi masa rajista.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Ka buɗe fom a VB6, ka sa akwatin rubutu, ka rubuta Ɗanladi ko Ƙaraye da haruffansu na ainihi. Alamar tambaya za ka gani, don akwatunansa na asali ba sa ɗaukar Unicode, tsarin haruffan da ya ƙunshi irin su ƙ da ɗ. Shagon da ke da littafin bashi cike da sunayen Hausawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Delphi ma, kayan gina manhaja da yaren Pascal, sai a sigar 2009 ya warware wannan.

Ni Delphi nake aiki da shi tun yana hannun kamfanin Borland. Ya fito a 1995, kuma don ainihin wannan aikin da kake tambaya aka ƙera shi: fom a gaba, rumbun bayanai a baya. Anders Hejlsberg ne ya jagoranci gina shi, ya koma Microsoft a 1996, shi ne kuma daga baya ya jagoranci C#. Shi ya sa abin da Injiniya yake nuna maka da nawa suke kama da juna haka. Abin da ya riƙe ni a nan shi ne in na gama, fayil ɗaya nake samu. In sa a filash, in kwafa a kwamfutar shago, ya buɗe nan take, ko a tsohuwar na'ura. Ba sai na girka komai ba, illa laburaren haɗuwa da saba da zan ajiye a gefensa.

Kuɗin lasisinsa yana da nauyi, ban ɓoye ba. Akwai Community Edition kyauta, amma da sharaɗin abin da kake samu a shekara bai kai dala 5,000 ba, ka karanta sharaɗin da kanka. In ba ka son wannan takura, ga Lazarus da Free Pascal: kyauta ne ɗungurungum, tsarinsa irin na Delphi, yana magana da rumbunan bayanai irin su PostgreSQL da Firebird da MariaDB da SQL Server, kuma kod ɗaya zai ba ka na Windows da na Linux. Da ni aka ba wa aikin nan, Lazarus da Firebird zan ɗauka.

Zainab
Malam, da girmamawa, ina da tambaya. In Auwalu ya samu aiki a Abuja ko Legas ya tafi, wa zai riƙe wa Alhaji manhajar Pascal? Mutum nawa ne a wannan zauren suke rubuta Pascal yau? Ni kai kaɗai na sani.

Malam Ɗahiru
Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce raunin abin da na kawo. Masu C# da PHP sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. Amma Pascal yare ne mai sauƙin karantawa, wanda ya iya C# zai gane shi ba da daɗewa ba. Abin da na ga yana kashe manhaja bayan mai ita ya tafi shi ne ya tafi da kod ɗin a kwamfutarsa, ba yaren ba.

Hajiya Maryam
Ku yi haƙuri in ja ku baya kaɗan. Kuna ta maganar fuska, alhali abin da ya lalace wa Alhaji ba fuska ba ne.

Auwalu, ka san dalilin da fayil ɗin yake lalacewa? A tsarin da suke kai, babu mai kula da fayil ɗin. Kowace kwamfuta ita ce take miƙa hannu ta netwok ta yi rubutu a cikinsa da kanta, kamar mutum shida ne suka kewaye littafin bashi ɗaya kowa da bironsa. In wuta ta ɗauke wa ɗaya yana tsakiyar rubutu, shafin ya tafi rabi da rabi. A kan saba kuwa, manhaja ɗaya ce tak take taɓa fayilolin. Sauran suna aika mata buƙata ne. Kafin ta canza komai sai ta fara rubuta abin da za ta yi a kundinta na ayyuka, in wuta ta dawo ta duba kundin, abin da aka tabbatar ta kammala, wanda ba a tabbatar ba ta warware shi.

Amma wannan kariya ba za ta amfane ka ba sai ka yi aiki da ita. Rasit guda ɗaya ya ƙunshi rubuta kan rasit, rubuta kowane magani da ke ciki, rage adadi a sito, da ƙara bashi in ba a biya duka ba. Dukkansu a ƙulli ɗaya za su shiga, tsakanin BEGIN da COMMIT. Ko su shiga gaba ɗaya ko kada ko ɗaya ya shiga.

Na biyu, wanda na fi ganin sababbin masu gini suna faɗawa: kwali biyar na wani magani ya rage, masu karɓar kuɗi biyu suka buɗe shi a lokaci ɗaya, kowa ya ga biyar, kowa ya sayar da biyar. In fom ne yake karanto adadi, ya yi ragi, ya mayar, ka sayar da goma daga biyar. Ka bar saba ta yi ragin:

UPDATE kaya SET adadi = adadi - 5 WHERE lamba = 120 AND adadi >= 5

Sai ka duba layi nawa ya canza. In sifili ne, wani ya riga ka, a warware cinikin a gaya wa mai karɓar kuɗi. Ka ƙara da CHECK a tebur cewa adadi ba ya sauka ƙasa da sifili. Kuɗi kuma DECIMAL ko NUMERIC, kada ka kuskura ka sa FLOAT, in ba haka ba kwabbai za su riƙa ɓacewa a jimillar wata, akanta ya yi ta nema.

In ka zuba waɗannan dokoki a cikin rumbun, fuskar da me ka gina ta ya zama ƙaramin al'amari. Malam zai tuna lokacin da ake wannan musu tsakanin Delphi da Visual Basic da PowerBuilder. PowerBuilder ya bar Powersoft ya koma Sybase a 1995, SAP ta sayi Sybase a 2010, yanzu Appeon ke riƙe da shi. Delphi ya bar Borland ya koma Embarcadero a 2008. Kayan ginin suna ta sauya hannu, amma teburan da aka tsara da kyau a wancan lokaci da yawa suna nan ana aiki da su, an sake musu fuska sau biyu ko uku.

Auwalu
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maganar kwali biyar ɗin nan ta faru a shagon, mai sito ya ba ni labari, suna ɗauka sata ce.

Zainab
To tunda Hajiya ta share fage, bari in kawo nawa. Me zai hana fuskar ta zama burauza? Mutane suna jin burauza sai su ce ai babu intanet. Ba a buƙatarsa. Ka sa Laravel ko Django a kan sabar da ke cikin shagon, kwamfutoci su buɗe adireshinta na cikin gida, shi ke nan. Auwalu ya ce ya taɓa PHP, yaren da ake rubuta Laravel da shi.

Ku duba abin da za a samu. In ka gyara kuskure, wuri ɗaya za ka gyara, kowa ya gani nan take. Da WinForms ko Lazarus sai ka tabbatar kwamfutoci shida duk sun karɓi sabuwar siga, ranar da ɗaya ta rage a tsohuwa kuma ka canza tebur, rigima ta tashi. Sannan kalmar sirrin rumbun tana zaune a saba kaɗai. A naku tsarin, kowace kwamfuta tana ɗauke da ita, kuma manhajar .NET ba ta da wuyar warwarewa, da ILSpy yaro mai wayo zai karanta abin da ke ciki. In ya samu kalmar sirrin, ya shiga rumbun kai tsaye ya goge bashin abokinsa, ba tare da ya bi ta fom ɗinka ba. Windows 7 kuma Firefox ESR 115 yana hawa.

Injiniya Bashir
Zainab, maganar kalmar sirri gaskiya ce, amma tana da magani. Kowane ma'aikaci a ba shi nasa asusun a kan saba, a hana shi taɓa tebur kai tsaye, a ba shi izinin kiran ayyukan da aka ajiye a cikin rumbun kawai. Mai karɓar kuɗi yana iya kiran "sayar", ba ya iya kiran "goge bashi". Ko ya warware manhajar ba abin da zai samu. Sabuntawa kuma, akwai ClickOnce na Microsoft mai sabunta manhaja da kansa, ko ka sa tebur mai lambar siga, manhaja in ta tashi ta duba, in ta tsufa ta kwaso sabuwa daga saba.

Inda burauza take ba ni wahala shi ne a kanta, wato teburin mai karɓar kuɗi. Ki je shagon sari da safe ki tsaya bayan mai karɓar kuɗi. Hannunsa na dama yana kan lambobin kibod, na hagu yana riƙe da takardar da ɗan kemis ya kawo mai layi talatin. Haruffa uku na sunan magani, Enter, adadi, Enter, na gaba. F2 ya rufe ciniki, rasit ya fito, firinta ta yanke takarda. Ba ya taɓa maus ko sau ɗaya. Na'urar bakod ita ma kibod ce a wurin kwamfuta, duk inda alamar rubutu take nan za ta zuba lambobin, don haka dole ka mallaki inda alamar take a kowane lokaci. A burauza F1 da F5 da Ctrl+P duk suna da masu su, kuma in ka ce a buga, taga ce za ta fito tana tambaya. Yanke takarda da buɗe durowar kuɗi umarnin ESC/POS ne da ake aika wa firinta kai tsaye, burauza ba ta ba ka wannan hanya cikin sauƙi.

Zainab
Ana yi fa, Injiniya. Chrome yana da yanayin da yake bugawa ba tare da tambaya ba, akwai QZ Tray mai haɗa burauza da firinta, kuma in firintar ta netwok ce saba da kanta za ta aika mata ESC/POS.

Injiniya Bashir
Ana yi. Amma nasa na USB ne, kin ga sai ya girka wani abu a kowace kwamfuta, abin da kika ce za a guje wa ke nan.

Zainab
A kan kanta na ba ka. Amma rahotannin akanta da na Alhaji ban ga dalilin da zai sa su zama WinForms ba.

Isufu
Salamu alaikum, daga Maraɗi nake bin ku. A wajenmu in aka ce manhajar farmasi ko ta magaza, da yawa WinDev za ka iske. Na kamfanin PC SOFT ne da ke Montpellier a Faransa, kod ɗin ma da Faransanci ake iya rubuta shi, kuma yana zuwa da rumbunsa HFSQL da abin tsara rahoto. Wajen saurin fiddo fom da rasit ban ga kamarsa ba. Amma ba zan ba Malam Auwalu shawara ya ɗauka ba. Lasisin na kuɗi ne, masu taimako galibi da Faransanci suke, kuma in ka zuba bayananka cikin HFSQL ka ɗaure kanka da gida ɗaya. Ni kaina yanzu ko da WinDev na yi fuska, PostgreSQL nake sawa a baya, saboda dalilin da Hajiya ta faɗa.

Abin da zan ƙara shi ne na magani. Kada ka yi tebur ɗaya mai suna da adadi ka tsaya. Magani ɗaya yana shigowa kashi-kashi, kowane kashi da lambarsa da ranar lalacewarsa da kuɗin da aka saye shi. Adadi a kan kashi yake zama. Wajen sayarwa, wanda ya fi kusa da lalacewa shi ke fara fita, ba wanda ya fara shigowa ba. Kuma kwali, fakiti, da katin ƙwaya duk abu ɗaya ne da ma'auni daban, ka ajiye adadi da mafi ƙanƙanta. In ka rasa wannan a farko, gyaransa daga baya ya fi sake fuska wuya.

Sadiƙu
Maganar lasisi da ake ta yi, ai duk waɗannan akwai kirak ɗinsu, wanda aka fasa ba sai ka biya ba.

Malam Ɗahiru
Sadiƙu, a'a. Haƙƙin mutane ne, wannan ɗaya. Na biyu, na'urar da kake haɗa manhajar kuɗin wani a kanta ba wurin sa abin da ba ka san wanda ya taɓa shi ba ne. Ga Lazarus, ga Visual Studio Community, ga PostgreSQL, duk halal kuma kyauta. Babu uzuri.

Kabiru
Ni akanta ne, ba injiniya ba, amma ku ba ni dama. Duk kun yi watsi da Access, alhali ma'aikatan shagon sun riga sun saba da fom ɗinsa, kuma gaggawar Alhaji ita ce lissafi ya daina lalacewa. A inda nake aiki abin da aka yi shi ne an kwashe teburan an kai SQL Server, da wani abin Microsoft na kyauta mai suna SSMA, aka bar fom da rahotanni a Access suna haɗe da saba ta ODBC. Kowace kwamfuta da nata kwafin fuskar. Ma'aikata ba su ma lura an canza komai ba, sai dai lalacewar fayil ta tsaya. Me zai hana Auwalu ya fara da wannan, sannan ya gina sabuwar fuskar a natse?

Hajiya Maryam
Malam Kabiru, wannan ita ce shawara mafi amfani da aka kawo yau. Tana raba aikin gida biyu, kuma tana fara kashe wutar da ke ci. Sai dai Auwalu ya kula: kowane tebur ya kasance da primary key ɗinsa, wato ginshiƙin da ke bambanta kowane layi, in babu, Access ba zai bari a gyara layi ba. Ya ƙara ginshiƙin rowversion don kauce wa saƙon nan na cewa wani ya canza layin. Fom ɗin da ke buɗe teburin ciniki gaba ɗaya a gyara shi ya riƙa ɗauko na yau kawai. Wannan gargaɗi ya shafi DBGrid na Malam da DataGridView na Injiniya ma, wato jadawalin da ke nuna layukan tebur a fom: kada a jawo layi dubu ɗari ta waya don a nuna ashirin.

Ni PostgreSQL na fi so, ba shi da iyakar girma da lasisi ya sa masa. Amma in za a bi ta hanyar Access da C#, SQL Server Express, ƙaramar sigar SQL Server, ya fi sauƙin haɗuwa. Ka san iyakarsa: a sigar 2022, 10GB ga kowane rumbu, kuma ba ya cin moriyar RAM sama da kusan 1.4GB wajen riƙe bayanai. Ga shago irin wannan zai daɗe bai cika ba, muddin ba ka zuba hotuna a ciki ba. Ka tuna Access ɗin da suke kai 2GB ne iyakarsa. Sunaye kuma NVARCHAR, saboda abin da Malam ya faɗa na ƙ da ɗ.

Express ba shi da SQL Server Agent mai gudanar da aiki a kan lokaci, don haka ajiyar kwafi sai ka tsara da Task Scheduler da sqlcmd, kowane dare, kwafin ya fita daga wannan kwamfuta zuwa wani faifai daban. Kuma ka riƙa gwada dawo da shi a wata na'ura. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba ka san ko yana aiki ba.

Auwalu
To maganar wayar Alhaji fa? Na yi tunanin in buɗe ƙofar 1433, wadda SQL Server ke sauraro ta cikinta, a rauta don a iya shigowa daga waje.

Hajiya Maryam
Kada ka yi. Ko da wasa. Akwai na'urori da aikinsu ke nan dare da rana, neman SQL Server a buɗe suna gwada kalmomin sirri a babban asusunsa mai suna "sa", in sun shiga su kulle bayanai su nemi kuɗin fansa. Tsohuwar matsala ce, tun Janairun 2003 tsutsar Slammer ta nuna abin da ke faruwa da sabar da aka bari a fili. Sannan akwai sunaye da lambobin waya da bashin mutane a ciki, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su.

Zainab
A nan ne nawa zai shigo. Alhaji ba rumbun yake son gani ba, lambobi kaɗan yake so: cinikin yau, abin da aka karɓa hannu, abin da ya shiga ta tiransifa da POS, bashin da aka bayar, magungunan da suka kusa ƙarewa ko lalacewa. Ka rubuta ƙaramin aiki a saba da zai tura wannan taƙaitawar waje duk sanda intanet ya samu, shafi ɗaya na PHP mai kalmar sirri ya nuna masa. Daga ciki ake turawa, ba a buɗe wa kowa ƙofa ba. In intanet ya yanke, ciniki bai tsaya ba, shafin kawai zai nuna lokacin da aka yi turawar ƙarshe. In daga baya ya dage sai ya ga komai, sai a yi maganar VPN, wato killatacciyar hanyar shiga netwok ɗin shago daga waje, irin WireGuard.

Malam Ɗahiru
Ban canza ra'ayi a kan Lazarus ba, ya fi sauƙi a kan tsofaffin na'urori. Amma tunda C# ka fara taɓawa kuma ga masu taimaka maka a kusa, bi shi. Sharaɗina biyu. Kod ɗin ya zauna a Git, ma'ajiyar kod mai riƙe tarihin canje-canje, kuma Alhaji ya san inda yake da yadda za a same shi, a rubuta a yarjejeniyarku. Na biyu, ka gaya masa gaskiya a kan Windows 7: Microsoft ta daina ba ta kariya tun Janairun 2020. In dole su zauna, a cire musu intanet, a hana sa filash.

Auwalu
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Ga yadda zan bi. Zan roƙi Alhaji ya sayi kwamfuta ɗaya ta zama saba kaɗai, ba wanda zai zauna a kanta, da UPS nata. In kwashe teburan zuwa SQL Server Express, Access ya ci gaba da zama fuska na ɗan lokaci kamar yadda Malam Kabiru ya ce. In gyara tsarin kashi da ranar lalacewa, in mayar da sayarwa da biyan bashi cikin rumbun. Sannan in fara da fom ɗin kanta a C#, na sito ya biyo baya. Shafin waya a ƙarshe, Anti Zainab zan dame ki a kansa.

Tambaya ta ƙarshe: yanzu duk Wi-Fi suke amfani da shi. In bar shi?

Injiniya Bashir
Saba da kwamfutocin kanta uku a ja musu waya, Cat6, zuwa suwic ɗaya. Suwic ɗin shi ma a kan UPS, mutane suna mantawa da shi, wuta ta ɗauke saba tana kunne amma ba mai iya isa gare ta. Ka ba saba adireshi tsayayye. Ka tambayi mai sayar da UPS wanda ke da USB, don ya iya gaya wa saba ta kashe kanta da kyau in batir ya kusa ƙarewa. Siton yana cikin gini ɗaya da shagon?

Auwalu
A'a, yana baya, sai an tsallake tsakar gida.

Injiniya Bashir
To ka auna tazarar kafin ka sayi waya. Mita 100 ce iyakar Cat6 a ja ɗaya. In za ta bi ta waje, ka sayi mai jure rana da ruwa, a sa ta cikin bututu, kuma kada a haɗa ta hanya ɗaya da wayar janareta.